Shin wanda ya kashe makashi da hannunsa ya yi adalci?

Ɗan Adar (Tawa) ya rubuta:

Assalamu alaikum, iyayena da malamaina da ƴan uwana. Kwanakin nan gardama ta yi zafi a fadarmu ta shan shayi a nan Tawa, kuma mafarinta wani bidiyo ne da ke yawo a wayoyin salula game da wani mutumin Birazil mai suna Pedro Rodrigues Filho. Mutumin ya shafe shekaru masu yawa a gidan kaso, ya kashe mutane da dama, da yawansu fursunoni ne da yake zaune tare da su, yana iƙirarin cewa miyagu kawai yake kashewa, wato masu fyaɗe da masu kisan kai, har shi ma wasu suka bindige shi a watan Maris na 2023. Wasu daga cikin abokaina suna ɗaukarsa gwarzo, suna cewa da za a sami irinsa goma a ƙasar nan da ɓarna ta ragu, wasu kuma suna cewa babu abin da ya raba shi da waɗanda yake kashewa.

Tambayata ta kasu biyu. Ta farko ita ce, me ke cikin zuciyar mutumin da zai kashe rai yau, ya koma gida ya ci tuwo tare da iyalinsa, bayan wata uku ya sake fita ya kashe wani wanda bai taɓa yi masa laifin komai ba? Shin mahaukaci ne, ko tsafi ne ke jan sa, ko kuwa haka aka haife shi? Ta biyu ita ce wadda ta fi nauyi a raina. Idan jama'ar unguwa suka tabbatar wani mutum yana ɗauke yara ko yana kashe mata, suka kuma ga cewa hukuma tana jan ƙafa, ko ana kama mutum yau a gan shi a kasuwa jibi, shin laifi ne su gama da shi da kansu? Ni dai zuciyata ba ta natsu da ƙona mutum da taya da fetur ba, amma idan na tuna da uwar da aka yanka wa ɗa sai in rasa abin da zan ce wa abokaina. Ina roƙon masu ilimin halayyar ɗan Adam da masu ilimin addini da na shari'a su haskaka mini, Allah Ya saka da alheri.

Uwar Ɗalibai (Yamai) ta amsa:

Wa alaikumus salam, ɗana. Zan ɗauki tambayarka ta farko, domin ita ce fagen karatuna, kuma za ka ga cewa amsarta tana taɓa ta biyun ko da ban nufa ba.

Abin da ya kamata mu fara cirewa daga zukatanmu shi ne zaton cewa mai kashe mutane ɗaya bayan ɗaya mahaukaci ne mai yawo cikin tsumma. Masu ciwon tabin hankali da muke gani a bakin kasuwa, ko waɗanda ake kaiwa sashen masu ciwon ƙwaƙwalwa a babban asibitin Yamai, mafi yawansu ba su cutar da kowa, hasali ma su ne aka fi cuta. Kisan da ake maimaitawa shekara da shekaru ba tare da an gano mai yin sa ba yana buƙatar tsari da haƙuri da iya ƙarya da iya ɓoye sawu, kuma mutumin da hankalinsa ya gushe ba ya iya waɗannan abubuwa. Hukumar FBI mai binciken manyan laifuka ta Amurka, a taron masana da ta shirya a 2005, ta tsayar da cewa irin wannan makashi shi ne wanda ya kashe mutum biyu ko fiye a lokuta daban-daban, kuma abin da ya fi jan hankalin masu nazari shi ne wannan tazarar da ke tsakanin kisa da kisa, lokacin da mutumin ke komawa rayuwarsa ta yau da kullum kamar bai aikata komai ba.

Ka dubi waɗanda aka kama aka yi musu shari'a. Harold Shipman likita ne a garin Hyde na Ingila, wanda tsofaffi ke yabo saboda yana zuwa duba su har gida. An same shi da laifin kashe mutum 15 a watan Janairun 2000, daga baya binciken gwamnati ya tabbatar da 215, kuma allurar maganin kashe zafi yake yi musu fiye da kima. Asirinsa bai tonu ba sai da ya ƙirƙiro takardar wasiyyar ƙarya da sunan wata dattijuwa a 1998, ɗiyarta kuwa lauya ce. Dennis Rader a Amurka ya kashe mutum 10 tsakanin 1974 da 1991, yana da mata da ƴaƴa biyu, kuma shi ne shugaban majalisar cocinsu lokacin da aka kama shi a 2005. Ted Bundy, wanda ya amsa kisan mata 30 kafin a zartar masa da hukuncin kisa a 1989, ilimin halayyar ɗan Adam ya karanta a jami'a, kuma yakan ɗaure hannunsa kamar mai karaya ya roƙi budurwa ta taimaka masa ya kai kaya mota. A nahiyarmu ma, Moses Sithole na Afirka ta Kudu, wanda kotu ta samu da kisan mutum 38 a 1997, alkawarin samar da aiki yake yi wa mata, su bi shi da ƙafarsu har jeji. Dukansu tausayin mutane da amanarsu suka mayar makami.

Abin da masana suka fi samu a cikin irin waɗannan mutane shi ne ƙeƙashewar zuciya. Wani likitan Amurka, Hervey Cleckley, ya yi bayaninta tun a 1941, daga baya Robert Hare na Kanada ya tsara ma'auni mai siffofi 20 wanda ake amfani da shi a gidajen kaso da kotuna, makinsa yana kaiwa 40. Cikin siffofin akwai daɗin baki, da girman kai, da ƙarya ba tare da ɗar ba, da rashin nadama, da rashin jin zafin da wani ke ji. Irin wannan mutum ya san abin da yake yi haramun ne kuma laifi ne, shi ya sa yake ɓoyewa, sai dai kukan wanda yake cuta ba ya isa inda yake isa a zuciyarka da tawa. Amma a kula, ana kiyasta cewa kusan mutum 1 cikin 100 yana da wannan hali, kuma mafi yawansu ba su taɓa kashe kowa ba, wasu sun tsaya ga damfara da zaluntar iyali. Saboda haka halin shi kaɗai bai isa ba. Sau da yawa ana samun azabtarwa ko wulaƙanci mai tsanani a ƙuruciya, wani lokaci rauni a kai, sannan tunanin mugunta da mutum ke sakawa yana warwarewa a ransa tsawon shekaru kafin ya fara aikatawa. Kisan farko yakan zo da tsoro, idan ba a kama shi ba tsoron ya ragu, daɗin mallake ran wani kuma ya ƙaru, sai ya koma. Duk da haka miliyoyin yara sun sha azaba sun girma mutanen kirki, don haka babu wanda ya isa ya nuna yaro ya ce wannan makashi zai zama.

Game da tsafi da ka ambata, waɗanda muke kira masu yankan kai galibi kwaɗayin dukiya ko mulki ne ke tura su, kuma sukan yi aiki a ƙungiya, da mai saye da mai kawowa. Imanin da suka yi da boka shi ke ba su hujjar da za su kwantar da zuciyarsu, amma hankalinsu ƙalau yake.

Yanzu sai batun Pedro. Masu nazari sun daɗe da ware wani rukuni na makasa waɗanda ke ganin an ɗora musu aikin tsarkake duniya daga wasu mutane. Peter Sutcliffe, wanda ya kashe mata 13 a arewacin Ingila tsakanin 1975 da 1980, ya gaya wa kotu cewa umarnin Ubangiji yake bi na kawar da karuwai. Gary Ridgway, wanda ya amsa kisan mata 48 a 2003, ya ce ya zaɓi mata masu zaman kansu ne domin ya tsane su, kuma ya san ba za a yi saurin cigiyarsu ba. Pedro yana cikin wannan sahu, bambancinsa kawai shi ne ya zaɓi mutanen da jama'a ba su tausayi, sai aka tafa masa. Shi ne mai tuhuma, shi ne shaida, shi ne alƙali, kuma labarin cewa duk waɗanda ya kashe miyagu ne daga bakinsa muka ji shi. Ni ban yarda ƙaunar adalci ce ta sa mutum ya kashe gommai ba tare da hannunsa ya yi rawa ba. Sha'awar kisan ce ta riga zuwa, hujjar ta biyo baya.

Alhaji Mai Goro (Birnin Ƙonni) ya amsa:

Hajiya, Allah Ya ƙara ilimi, na ƙaru da bayaninki ƙwarai. Amma ku yi mini haƙuri, ku da ke zaune a Yamai kusa da komisariya da barikin soja, akwai abin da ba ku ji a jikinku yadda mu ke ji.

Ba na kare mutumin Birazil ɗin nan, ban san shi ba, kuma na yarda da ke cewa mai kisa don daɗi ba gwarzo ba ne. Abin da nake karewa shi ne haƙƙin talaka ya tsare ransa idan babu mai tsare masa. A ranar 21 ga watan Maris na 2021 ƴan bindiga a kan babura suka afka wa ƙauyukan yankin Tillia a nan jiharmu ta Tawa suka kashe mutum 137 a yini guda. A Banibangou kuma, cikin jihar Tillaberi, mutanen gari ne suka gaji da binne ƴan uwansu suka kafa ƙungiyar tsaron kai, har aka kashe 69 daga cikinsu tare da magajin garinsu a farkon watan Nuwamba na wannan shekarar. Waɗannan bayin Allah ba sha'awar jini ta fitar da su ba, an kai su bango ne. Mu da ke bakin iyaka muna ganin yadda ake shigowa da dare a ɗauki mutum a nemi kuɗin fansa, a kore garken shanu, kafin jandarmomi su iso an tsallaka. Wane ne zai ce wa waɗannan mutane su naɗe hannu su jira takarda?

Ko a ƙasashen Turawan da kika kawo misalinsu, hukuma ba ta cika abin yabo ba. Shi Sutcliffe ɗin da kika ambata, sau 9 ƴan sanda suka yi masa tambayoyi suna sakinsa, yana komawa yana kashe mata, kuma a ƙarshe lambar mota ta bogi ce ta sa aka kama shi a farkon 1981. Richard Ramirez, wanda ya hana mutanen Los Angeles barci a 1985, mutanen unguwa ne suka gane fuskarsa suka bi shi da gudu suka danne shi. Da sun ce ba ruwansu, aikin hukuma ne, da Allah kaɗai Ya san rayuka nawa zai ƙara ɗauka.

Akwai kuma abin da ke ƙona ran jama'a fiye da komai, wato a kama mugu dumu-dumu, a miƙa shi, bayan ƴan kwanaki ka gan shi yana yawo yana harararka, har ya aiko maka da saƙon cewa ya san gidanka. Wanda ya taɓa ganin haka sau ɗaya ba zai sake kai ɓarawo ga hukuma da daɗin rai ba. Ni a ganina, kafin a zargi jama'a da ɗaukar doka a hannu, a fara tambayar wanda ya yar da dokar a ƙasa har suka ɗauka.

Almajirin Risala (Tawa) ya amsa:

Bismillahi, wassalatu wassalamu ala Rasulillah. Alhaji, Allah Ya ji ƙan waɗanda aka kashe a Tillia da Banibangou, Ya ba iyalansu haƙuri. Maganarku tana da gaskiya a cikinta, sai dai kun haɗa abubuwa biyu da malamanmu suka raba. Mutumin da aka kawo wa hari a gidansa ko a garkensa ya kare kansa, ko da maharin ya mutu, babu laifi a kansa, kuma Annabi, sallallahu alaihi wa sallam, ya ce wanda aka kashe wajen kare dukiyarsa shahidi ne. Amma wanda aka riga aka kama, aka ɗaure, ba ya iya cutar da kowa a wannan lokaci, kashe shi ya fita daga babin kare kai ya shiga babin hukunci, hukunci kuwa na shugaba ne da alƙalinsa.

Kada wani ya zaci shari'a tana da sassauci ga irin makasan da Hajiya ta siffanta. A mazhabarmu ta Malikiyya, wanda ya yaudari mutum ya ja shi wurin da babu mai ceto ya kashe shi, wato kisan gilla, hukuncinsa ya fi na sauran masu kisa tsanani, domin Ibn Abi Zaid ya faɗa a cikin Risala cewa babu afuwa a cikinsa. Ko iyalan mamaci sun yafe, ko sun karɓi diyya, shugaba ba zai sake shi ba, saboda ɓarnarsa ta shafi al'umma gaba ɗaya. Amma a wannan babin dai, Risala ta ce ba a kashe rai saboda rai sai da shaidu adalai, ko iƙirarin mai laifi, ko rantsuwar ƙasama, wato rantsuwar da dangin mamaci ke yi a kan wanda suke zargi, idan sharuɗɗanta sun cika. Ihun ɓarawo a kasuwa ba ya cikin ukun nan, saƙon murya a WhatsApp ma ba ya ciki, kuma Allah Ya umarce mu a cikin Suratul Hujurat, aya ta 6, da mu yi bincike idan fasiƙi ya zo mana da labari, don kada mu cuci wasu mutane cikin jahilci mu wayi gari muna nadama.

Tarihin sahabbai ya ba mu misalin da ya dace da tambayar ɗan uwanmu. Lokacin da Abu Lu'ulu'a ya soki Sayyidina Umar a shekara ta 23 bayan hijira, ɗansa Ubaidullahi ya ɗauki takobi cikin zafin rai ya kashe Hurmuzan da Jufaina da ɗiyar Abu Lu'ulu'a, bisa zargin cewa da haɗin bakinsu aka yi. Ɗan Halifa ne, mahaifinsa aka kashe, babu wanda ya fi shi dalilin fushi, amma sahabbai ba su ce ya yi daidai ba. Aka tsare shi, shari'arsa ta zamo cikin farkon abin da Sayyidina Usman ya fuskanta, Sayyidina Ali yana ganin a yi masa ƙisasi, a ƙarshe Usman ya biya diyya daga dukiyarsa. Saɓanin da aka yi a kan irin hukuncin da ya cancanta ne, ba a kan ko ya yi laifi ba.

Masu ganin cewa idan taro ya yi kisa alhakin yana rarrabuwa har ya zama kaɗan a kan kowa, su duba Muwaɗɗa ta Imamu Malik, inda Sayyidina Umar ya kashe mutum biyar ko bakwai saboda mutum ɗaya da suka haɗu suka kashe, ya ce da mutanen San'a duka sun haɗa baki a kansa da ya kashe su gaba ɗaya. Ƙonawa da wuta kuwa an hana ta a hadisi ingantacce, babu mai azaba da wuta sai Ubangijin wuta. Ina ƙara tunatar da mu hadisin Bukhari da Muslim na mutumin da ya kashe rai 99, ya cika na 100 da mai ibadar da ya yanke masa ƙauna, sannan malami ya ce masa ƙofar tuba a buɗe take, amma ya bar garinsu domin garin mugunta ne. Taron da ya ƙone mutum cikin minti kaɗan ya hana shi ko da kalmar shahada, wannan kuwa ko alƙalin da ya yanke hukuncin kisa ba ya hana ta.

Tsohon Magatakardan Kotu (Yamai) ya amsa:

Gaisuwa ga Malam da Hajiya da Alhaji. Na yi aiki shekaru a gefen alƙalai, kuma ba zan ɓoye ba, jinkirin shari'a da cunkoson gidajen kaso da sakin da ba a yi wa jama'a bayaninsa ba duk gaskiya ne. Amma ina so Alhaji ya sake duba misalin Ramirez da ya kawo, domin a ganina hujja ce a kansa. Mutanen unguwar ba zato suka yi ba. Ƴan sanda ne suka ɗauki zanen yatsa a jikin motar da ya sata, suka gano sunansa, suka ba jaridu hotonsa, sannan jama'a suka gane shi. Sun buge shi, amma sun riƙe shi da rai har ƴan sanda suka zo, aka yi shari'a, aka same shi da kisan mutum 13 a 1989. Wannan dokarmu ma ta yarda da shi, duk wanda ya ga ana aikata babban laifi a gabansa yana da ikon kama mai laifin ya kai shi ga jami'in tsaro mafi kusa. Abin da ba ta yarda da shi ba shi ne kisan wanda aka kama.

Dalili na farko Hajiya ta riga ta shimfiɗa shi. Idan makashin ɓoye likita ne ko shugaban majalisar coci ko mai daɗin baki da kowa ke gaisarwa, to wa taro ke kamawa? Baƙo yake kamawa, da mai tabin hankali, da wanda ba ya jin harshen garin balle ya kare kansa. Mu Hausawa mun fi kowa sanin wannan, domin mu ne matafiya. A ƙarshen watan Maris na 2025, ƴan banga a garin Uromi na jihar Edo a Najeriya suka tare wata babbar mota ɗauke da mafarauta da ke komawa Kano daga Fatakwal don yin salla, suka ga bindigogin farauta, aka yi ihun masu garkuwa da mutane, aka kashe 16 aka ƙone su. Mutanen Uromi ma suna da irin kukan da Alhaji ya yi, an daɗe ana sace musu mutane a gonaki, kuma su ma sun ce hukuma ta gaza. A Aluu kusa da Fatakwal, a watan Oktoba na 2012, ɗalibai 4 na jami'a aka yi wa ihun ɓarayi aka ƙone, alhali bashi suka je karɓa, kuma cikin mutum 3 da kotu ta yanke wa hukuncin kisa a 2017 har da ɗan sanda. A Indiya jita-jitar satar yara ta sa an kashe matafiya da dama a 2017 da 2018, har kamfanin WhatsApp ya taƙaita tura saƙo zuwa wuri 5 a lokaci guda.

Akwai shari'ar da ba ta fita raina. A Landan, a 1950, aka rataye wani mutum mai suna Timothy Evans bisa kisan ƙaramar ɗiyarsa, kuma babban shaidan da aka dogara da shi maƙwabcinsa ne, John Christie, wanda ya taɓa aikin ɗan sanda lokacin yaƙi. A 1953 aka gano gawarwakin mata a ɓoye cikin gidan Christie, ya amsa cewa shi ya kashe matar Evans, aka wanke Evans a 1966 bayan ya daɗe a kabari. Idan kotu mai alƙali da lauyoyi da makonni na bincike ta faɗa wannan rami, yaya taron da ke yanke hukunci cikin minti goma? Kuma wanda ya fi kowa amfana da mutuwar wanda ake zargi shi ne mai laifin gaskiya, ba abin mamaki ba ne ma a same shi a sahun gaba yana miƙa ashana.

Dalili na biyu shi ne, ko da an dace an kama mai laifin, gawa ba ta magana. Ridgway ya kai masu bincike wuraren da ya yar da gawarwakin da iyalansu suka yi shekara 20 suna nema. Samuel Little, wanda ya amsa kisan mutum 93 yana tsare a Amurka, ya zana fuskokin matan da hannunsa, aka yi amfani da zanen wajen gano wasunsu. A wurinmu abin ya fi haka muhimmanci, domin mai yankan kai yana da wanda ya aiko shi, mai satar shanu yana da dillali, mai garkuwa yana da ɗan leƙen asiri a cikin gari. Duk ranar da aka ƙone yaron aike, an rufe wa uban gidansa asiri.

Game da ƙungiyoyin tsaron kai kuma, ƴan sa-kai na Zamfara sun fara ne da niyyar korar ɓarayin shanu, sai suka shiga kashe Fulani a kasuwanni ba tare da shari'a ba, kuma masu bincike da yawa sun nuna cewa ramuwar gayyar da ta biyo baya tana cikin abin da ya haifi ta'addancin da yanzu ke tsallakowa Maraɗi da Ƙonni. A Mali, mafarautan da aka ɗauka masu tsaron ƙauyuka ne aka zarga da kashe kusan mutum 160 a Ogossagou a watan Maris na 2019.

Alhaji Mai Goro (Birnin Ƙonni) ya sake amsawa:

Malam, na karɓi rarrabewar da kuka yi tsakanin kare kai da hukunci, kuma maganar Uromi ta taɓa ni, domin ƴaƴanmu da yawa suna can kudu suna neman abinci, kowanensu baƙo ne a garin wani. Ban goyi bayan taya da fetur ba, kuma duk matashin da ya ji maganata kada ya ɗauke ta izini.

Amma ranka ya daɗe Magatakarda, ka ce a kama a miƙa, to ina so a gaya mini wa za a miƙa wa. Akwai ƙauyuka a arewacin jihar nan da sai an yi tafiyar sa'o'i a kan babur kafin a ga jandarma ɗaya, hanyar kuma ita kanta ba ta da aminci. Maigari ba shi da ɗakin tsare mutum, ba shi da abin ciyar da shi, kuma idan dare ya yi abokan wanda aka kama suna iya zuwa su ƙwace shi su ƙone garin. Wanda ya tsaya shaida a kotu shi ma babu mai tsaronsa idan ya koma gida. Abin da nake nema a fili yake: a ba masu gari da limamai lambar da za su kira a ɗauka, a zo a karɓi wanda aka kama a cikin yinin, a sanar da mutanen garin ranar shari'arsa, idan kuma an sake shi a aiko wanda zai tsaya gaban jama'a ya faɗi dalili. Ku da kuka san manyan ma'aikatar shari'a a Yamai, ku isar musu da wannan, ni kuma na ɗauki alkawarin zan karanta wa matasan unguwarmu abin da Malam ya kawo daga Risala da Muwaɗɗa bayan sallar Juma'a mai zuwa.